Abin da Yaro ke Yi a Aji a Makarantar Firamare ta Mishan: Bayani ga Iyaye na Jiratawa, Tsibiri da Maraɗi

Wannan bayani naku ne, ku iyaye maza da mata da ke zuwa ajin yaƙi da jahilci. Da yawa daga cikinku kuna da yaro a lakwal. Kuna ganin fitarsa da safe, kuna ganin dawowarsa, amma abin da ke gudana tsakanin fita da dawowa ɓoyayye ne a gare ku. Wasu kuma suna shawarar sa ɗansu ko ɗiyarsu a makarantar da Kiristoci ke gudanarwa, wadda aka fi sani da makarantar mishan, suna so su san abin da za su tarar. A nan za ku karanta yadda ake koyarwa a irin wannan makaranta, da abin da ya kamata ku duba kafin ku biya kuɗinku, da yadda za ku taimaki yaro a gida ko da ba ku jin Faransanci.

Mece ce makarantar mishan?

Makaranta ce mai zaman kanta, wadda wata ikilisiya ko ƙungiyar Kirista ta kafa. Ba ta buɗewa sai da izinin gwamnati. Tana bin tsarin karatu na Ma'aikatar Ilimi, kamar yadda makarantar gwamnati ke bi, kuma masu duba makarantu suna da ikon shiga su ga aikinta. Babbar dokar ilimi ta Nijar, wadda aka kafa a 1998, ta amince da makarantu masu zaman kansu.

Bambancin da za ku gani shi ne ana biyan kuɗin makaranta, kuma akwai sashen tarbiyya da ya shafi addinin masu makarantar. Ba ƴaƴan Kirista kaɗai ke shiga ba. A Nijar, yaran Musulmi suna da yawa ƙwarai a irin waɗannan makarantu.

Daga ina suka samo asali?

Ƙungiyar mishan da ake kira SIM ta sauka a Damagaram a 1924. Bayan ƴan shekaru ta kafa mazauni a Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi. Daga baya ta buɗe asibitin Galmi a 1950, da cibiyar jinyar kutare ta Danja, kudu da Maraɗi, a 1956.

Da farko abin da ƴan mishan suka fi ba ƙarfi shi ne koya wa mutane karatun Hausa da boko, domin su iya karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa a 1932. Amma wata doka ta Turawan Faransa ta 1922 ta ce duk makaranta mai zaman kanta dole ta koyar da Faransanci. Saboda haka karatun Hausa na mishan bai kai mutum ga takardar shaida ko aikin gwamnati ba, kuma iyaye Kirista sun daɗe suna neman a buɗe wa ƴaƴansu makaranta mai bin tsarin ƙasa. Bayan samun ƴancin kai a 1960 aka buɗe makarantar firamare ta kwana a Tsibiri, wadda daga baya ta koma hannun ikilisiyar ƴan ƙasa, wato EERN.

Ɗariƙar Katolika ma tana da makarantunta. An ba Maraɗi nata bishop a 2001. A 2006 wata sista ƴar Senegal, Marie-Catherine Kingbo, ta kafa ƙungiyar sistoci a yankin Maraɗi, kuma ƙungiyar ta buɗe makaranta da wurin kwanan yara a Tsibiri.

Azuzuwa shida

Yaro na shiga firamare yana da shekara 6 ko 7, ya yi shekara shida idan bai maimaita aji ba. Ga sunayen azuzuwan kamar yadda za ku gan su a rubuce a ƙofa:

- CI da CP: aji ɗaya da aji biyu. Nan ake koyon magana da Faransanci, da haruffa, da ƙidaya.
- CE1 da CE2: aji uku da aji huɗu. Nan karatu ke zaunawa, a shiga nahawu, da ninkawa, da rabawa.
- CM1 da CM2: aji biyar da aji shida. Nan ake faɗaɗa tarihi, da labarin ƙasa, da kimiyya, a shirya wa jarrabawar fita.

Shekarar karatu tana somawa a watan Oktoba, ta ƙare a watan Yuni, kuma an raba ta zango uku. Ku lura cewa buɗe makaranta yana haɗuwa da lokacin girbin gero da wake. Yaron da aka riƙe a gona har makonni uku ko huɗu, zai tarar an wuce shi, musamman ɗan CI wanda a makonnin farko ake koya masa riƙe alli.

Yadda yini ke tafiya

Da sassafe yara kan share aji da fili, su cika randa ko tulu da ruwan sha. Aikin yana zagayawa ne rukuni rukuni. Idan an kaɗa ƙararrawa sai su yi layi. A ranakun da aka tsara akan ɗaga tuta a rera taken ƙasa. A makarantar mishan galibi akan yi gajeriyar addu'a ko waƙa kafin a soma darasi.

Malami, wanda yara ke kira mushe, ko malama, wadda suke kira madam, yakan duba tsabtar hannu da farce da tufafi, ya kira suna, ya rubuta kwanan wata a babban allo. Darussa masu nauyi, wato karatu da lissafi, akan sa su da safe tun kai bai gaji ba. Da hantsi akan ba da ɗan hutu, yara su sha ruwa, su ci abin da suka zo da shi. Zane da waƙa da aikin hannu sukan zo daga baya. A ƙananan azuzuwa darasi gajere ne, domin ƙaramin yaro ba ya iya tsayar da hankalinsa wuri ɗaya na dogon lokaci.

Koyon karatu da rubutu

Wannan shi ne ginshiƙin komai. Yaron da bai iya karatu ba, ba zai iya karanta tambayar lissafi ba, balle ya amsa ta.

Ɗanku yana ɗauke da kaya biyu a lokaci guda. Yana koyon haruffa, yana kuma koyon harshen da ba a yi da shi a gida. Ku da ke ajin yaƙi da jahilci kaya ɗaya kuka ɗauka, domin da kun haɗa b da a da k da i, kun ji "baki", kun san abin da ake nufi. Shi kuwa yana iya haɗa haruffa daidai, ya furta kalma, bai san ma'anarta ba. Shi ya sa a CI ake somawa da darasin magana. Malami ya nuna kofi ko tsintsiya, ya faɗi sunanta, yara su maimaita. Sai ya fito da yara biyu su gaisa, ko ɗaya ya zama mai saye, ɗaya mai sayarwa.

Bayan haka sai haruffa. Ana somawa da wasula, a zo ga baƙaƙe, a haɗa su su zama gaɓa, gaɓoɓi su zama kalma. Yaro yakan zana harafi da yatsa a iska, ya zana a ƙasa, ya rubuta da alli a ƙaramin allonsa, kafin a ba shi littafin rubutu, wato kaye.

Akwai abin da ya kamata ku sani a nan, don kada ku da yaro ku yi gardama a banza. Haruffan iri ɗaya ne, amma ba kullum suke ba da sauti ɗaya ba. Sautin da muke rubutawa da u, Faransanci yana rubuta shi da ou. Shi ya sa za ku ga Madarunfa a allon hanya an rubuta Madarounfa. Sautin j kuma akan rubuta shi dj, sai Jiratawa ta zama Djiratawa. Harafin c na "ciki" da "cuku", a Faransanci sautin k ko s yake bayarwa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, babu su a can ko kaɗan. Idan yaro ya karanta wani harafi ba kamar yadda aka koya muku ba, ku duba tukuna da wane harshe aka yi rubutun.

Daga CE1 ake ƙarfafa shifta, wadda yara ke kira dikte: malami na faɗa, yara na rubutawa. Akwai kuma karatu a bayyane, da hardar gajerun waƙoƙi, da rubuta ɗan labari. Harda tana da amfani, amma tana iya ruɗin iyaye. Yaro zai iya rera shafi guda da ka, idonsa na kan littafi, alhali bai karanta ko kalma ɗaya ba.

Wannan matsala ba ƙarama ba ce. A binciken PASEC na 2014, wanda ya gwada ɗaliban ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ƙasa da yaro ɗaya cikin goma na ƙarshen firamare a Nijar ne ya kai matsayin da ake bukata a karatu. A binciken 2019 adadin ya tashi zuwa kimanin uku cikin goma. An ci gaba, amma har a lokacin yara bakwai cikin goma suna kai ƙarshen firamare karatunsu bai nuna ba.

Tun 1973 Nijar ta soma gwada koyarwa da Hausa a wata makaranta a Damagaram, daga baya aka samu makarantu masu harshe biyu. A watan Maris na 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk da haka yawancin littattafan firamare da Faransanci suke. Malamin kirki ba ya jin kunyar fassara wa ƙaramin yaro abu da Hausa idan ya ga bai gane ba.

Lissafi

A CI da CP malami yakan ce kowane yaro ya zo da ƴan tsinkaye, ko tsakuwa, ko marafan kwalba. Kada ku ɗauka wasa ne. Yaro na ƙirga tsinke goma, ya ɗaure su da zare, su zama ƙulli ɗaya. Ƙulli biyu da tsinke uku su ne 23. Ta haka yake gane dalilin da ya sa 2 ɗin da ke cikin 23 ba biyu ba ce, ashirin ce. Wanda ya gane wannan, tarawa da ɗebewa ba za su ba shi wuya ba.

Akwai wata dabara da za ku gani idan kun leƙa aji. Malami ya faɗi tambaya, misali bakwai a tara da biyar. Yara su yi shiru su yi tunani. Ya ƙwanƙwasa tebur, kowa ya rubuta amsa a allonsa. Ya sake ƙwanƙwasawa, kowa ya ɗaga allo sama. Da kallo ɗaya malami ya ga wanda ya samu da wanda ya faɗi, ko da yaran sun kai hamsin. Saboda haka allo da alli ba su da tsada, amma yaron da ya zo babu su ya zama ɗan kallo.

Lissafin kuɗi yana da tarko na musamman. A kasuwa da dala muke ƙirge, a aji kuwa da faran. Dala ɗaya faran 5 ce. Dala ashirin faran 100 ce, dala ɗari faran 500, jika kuwa faran 1000. Yaro ya saba jin "ashirin" idan an miƙa masa ƙwandalar da aka rubuta 100 a jikinta. Ku gwada shi da abin da ya sani. Jiratawa ta yi suna da noman rani da zogale. Ku ce masa: mace ta sayar da ƙullin zogale shida, kowane ƙulli dala ashirin, nawa ta samu? Idan ya ce dala ɗari da ashirin, ku ce ya rubuta shi da faran. Amsa ita ce 600. Haka nan ma'auni: tiyar gero kimanin kilo biyu da rabi ce, tiya arba'in ke cika buhu mai kilo 100. Yaron da ke iya sauya tiya zuwa kilo ya riga ya fahimci ninkawa.

Sauran ayyuka

A darasin kimiyya yara sukan shuka wake a gwangwani su ga tsirowarsa, ko su koyi sassan jiki, da yadda sauro ke kawo zazzaɓi, da amfanin wanke hannu da sabulu. A labarin ƙasa akan soma da zanen aji, sannan gari, sannan jiha, a nuna Gulbin Maraɗi da iyakar Najeriya. A tarihi suna jin labarin Gobir da Katsina, da yadda aka kafa Maraɗi da Tsibiri a ƙarni na 19.

Tsarin karatu ya tanadi aikin hannu. Inda akwai ruwa, makaranta kan yi lambu, kowane aji da fangalinsa. Yara su auna tsawo da faɗi, su shuka, su yi ban ruwa, su rubuta ranar da iri ya tsiro. Akwai kuma dashen itace, da saƙa, da ɗinki, da motsa jiki. Ku kula da abu ɗaya: aikin hannu darasi ne mai lokaci. Idan ya zama yara na yini a gonar wani, ko suna ɗebo wa gidan wani ruwa a lokacin karatu, wannan ba darasi ba ne, kuma kuna da ikon yin magana.

Batun addini

A nan makarantu suka bambanta. A wasu, duk yara kan zauna a ji labari daga Littafi Mai Tsarki, a yi waƙa, a hardace aya. A wasu kuma darasin addini na yaran Kirista ne kaɗai, ana yin sa a wajen lokacin aji, sauran yara su tsaya ga darasin tarbiyya na kowa da kowa, wato gaskiya, da riƙon amana, da girmama na gaba. Akan yi bukukuwa lokacin Kirsimati da Ista, yara su yi wasan kwaikwayo.

Tarbiyyar yaro hakkin iyayensa ce. Matambayi ba ya ɓata. Kafin ku rubuta sunan yaro, ku zauna da shugaban makaranta, wato darekta, ku tambaye shi a fili: wane darasin addini ake yi, sau nawa a mako, kuma dole ne ga kowa? Idan ku Musulmi ne, ku tambayi yadda ake yi da lokacin salla, da ranar Juma'a, da watan azumi, musamman idan makarantar kwana ce. Ku duba kuma ko lokacin tashi zai bar wa yaro damar zuwa makarantar allo. Idan ku Kirista ne, ku tambayi wace ikilisiya ce ke koyarwa. Abin da aka yi magana a kansa tun farko ba ya zama rigima daga baya.

Jarrabawa da sakamako

Kowane zango akan yi gwaji, a ba yaro maki da matsayinsa a aji, a aiko da takarda ku sa hannu. Kada ku tsaya ga matsayi kawai. Na biyar a ajin da ba a iya karatu ba, bai kai na ashirin a ajin da aka iya ba. Ku nemi makin karatu da na lissafi, ku kwatanta da na zangon baya. A ƙarshen CM2 akwai jarrabawar ƙasa ta CFEPD. An dakatar da ita na kimanin shekara goma, aka maido ta a 2024. Ana bukatar takardar haihuwa wajen rubuta sunan yaro. Idan ba shi da ita, ku nema tun yana ƙananan azuzuwa.

Abin da za ku duba kafin ku biya

Sunan makaranta ba ya koyar da yaro. Gani ya kori ji. Ku je da ƙafarku ranar da ake karatu, ku duba waɗannan:

- Takardar izinin gwamnati. Ku roƙi a nuna muku.
- Yawan yara a aji, da ko kowa na da wurin zama yana ganin allo.
- Littafin karatu: yara nawa ke tarayya a kan guda?
- Kayen yara: akwai gyaran malami a ciki, da kwanan wata na kusa?
- Ruwan sha, da makewayi na mata dabam da na maza.
- Yadda ake horo. Yaron da ke tsoron bulala ba ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba.
- Ginin aji. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makarantar firamare a Maraɗi, ta kashe yara fiye da 20. Idan ajin na zana ne, ku duba faɗin ƙofa, ku tabbata ba a hura wuta kusa.
- Jimlar kuɗi na shekara: na rajista, da na karatu, da tufafi, da littattafai, da abinci idan ta kwana ce. Ku sa a rubuta muku, kuma duk abin da kuka biya ku karɓi rasit.

Ku auna ƙarfinku da gaskiya, domin tafiyar shekara shida ce. Cire yaro a tsakiyar shekara saboda kuɗi ya yanke yana cutar da shi fiye da barinsa a makarantar gwamnati tun farko. Idan kuma kuna da ɗa da ɗiya, kada kuɗin ya tafi ga namiji kaɗai. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ƴaƴa mata.

Yadda za ku taimaka a gida

Rashin jin Faransanci bai hana ku komai ba. Ga abin da kowa zai iya:

- Ku ba yaro abin karin kumallo, ko koko ne, ku sallame shi da wuri.
- Kowace yamma ku ce ya buɗe kaye ya nuna muku aikin ranar. Kun iya lambobi, ku duba kwanan wata.
- Ku ce ya karanta layi biyu, sannan ya faɗa muku ma'anarsu da Hausa. Ku sa yatsa a kan wata kalma a tsakiyar shafi, ku ce ya karanta ita kaɗai. Nan za ku bambance karatu da harda.
- Ku ware masa rabin awa da fitila. Ku rage wa yarinya talla da aikin gida a wannan lokaci.
- Ku ɗauko naku littafin yaƙi da jahilci ku zauna kusa da shi. Yaron da ya ga uwarsa ko ubansa na haɗa baƙi ba ya raina karatu.
- Ku ci gaba da yi masa tatsuniya da kacici-kacici. Wanda ya iya tsara labari da harshensa zai iya tsara shi da wani harshe.
- Ku halarci taron ƙungiyar iyayen yara, ku ziyarci malami aƙalla sau ɗaya kowane zango, ba sai an kira ku ba.

Idan yaro ya gama CP bai iya haɗa gaɓa biyu ba, kada ku jira shekara ta gaba, kada kuma ku ce masa daƙiƙi. Ku je ku ga malami. Wani lokaci yaron ba ya gani sosai ne, ko ba ya ji sosai, kuma matsar da shi layin gaba ko kai shi asibiti ya isa ya sauya al'amarin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi don tattaunawa a ajinku

1. Wane ne a cikinku ya taɓa shiga ajin ɗansa ana cikin darasi? Me ya gani?
2. Dala ɗari uku da hamsin faran nawa ne? Ku rubuta amsar a allo.
3. Waɗanne tambayoyi za ku yi wa darekta game da addini da kuɗi kafin ku sa yaro?
4. A lokacin girbi, wace dabara za ku yi don aikin gona ya tafi, yara kuma kada su rasa makonnin farko?